CINIKIN BIRI A SAMA: GARGAƊI GA 'YAN KASUWARMU MASU TALLA A WAYAR HANNU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta mana fatauci, Ya kuma haramta mana cin dukiyar juna da ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda mutanen Makka suka san shi da amana a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya tilasta mana ɗaukar alƙalami a wannan wata wata ƙara ce da aka kawo mana bayan karatun magariba a nan cikin birnin Katsina. Wani saurayi ne mai haɗa lefe ya ga hoton shadda a shafin WhatsApp na wani ɗan'uwa da suke haɗa sahu a masallaci ɗaya. Ya yaba, suka yi ciniki, ya tura kuɗi. Da direba ya kawo saƙo tasha aka kwance, sai ga wani yadi daban, wanda ko a launi bai yi kama da na hoton ba. Ya kira mai kaya, mai kaya ya ce ai hoton misali ne kawai. Ya sake kira, ya tarar an toshe lambarsa. Asarar kuɗin ta dame mu, amma abin da ya fi ƙona mana rai shi ne maganar da saurayin nan ya rufe da ita. Cewa ya yi da ya sani da ya je wurin wanda ba ya ambaton Sunna a bakinsa, don shi ambaton ne ya sa ya saki jiki.

Wannan magana ta isa ta hana duk mai kishin da'awa barci. Shekara da shekaru muna kiran jama'a zuwa ga gyara aƙida da ibada, sai ga shi wasu daga cikinmu suna rushe ginin da yatsa ɗaya a kan allon waya. Saboda haka wannan gargaɗi da kanmu za mu fara shi, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

HUJJAR MASU CEWA TALLA CE KAWAI

Idan aka yi wa irin waɗannan mutane magana, amsarsu ba ta wuce uku: talla ce kawai, kowa ma haka yake yi, kuma zamani ne ya zo da shi. Har akwai masu karɓar kuɗin matasa da sunan koyar da dabarun kasuwancin intanet, alhali rabin darasin koyar da yaudara ne: yadda za ka sa mai saye ya ruɗe, yadda za ka tsorata shi da cewa kaya sun kusa ƙarewa. Muna tambayarsu: a wane littafi aka ce hukuncin ƙarya yana faɗuwa idan an rubuta ta da waya? Yaushe yawan masu aikata laifi ya taɓa mayar da shi halal?

Katsina ba baƙuwa ba ce a harkar fatauci. Tun ƙarnonin da suka shige ayarin raƙuma ke sauka a nan daga Agadas da Gat da Gadamas, Wangarawa kuma suka zauna da malantarsu da kasuwancinsu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso garin nan a 1851, ya rubuta cewa a ƙarni na 17 da na 18 Katsina ce babbar cibiyar ciniki a wannan yanki, kafin Kano ta sha gabanta. Da me aka riƙe wannan fatauci alhali babu banki babu waya? Da amana da shaidu aka riƙe shi. Baƙo yana da fatoma da ke tsaya masa. Dillali yana cin la'ada, amma shi ne shaidar ciniki, kuma shi za a nema idan kaya suka fito da aibi. Akwai sarkin kasuwa, akwai maƙwabcin rumfa da ake jin kunyar idonsa.

Yau kuwa, mai talla a Facebook ko Instagram ko TikTok yana ɗakinsa shi kaɗai. Babu dillali, babu maƙwabci, mai saye ba zai taɓa yadi ya ji kaurinsa ba, ba zai sansana turare ba, ba zai gwada takalmi ba. Duk shingayen da ke tsare mai saye sun faɗi, saura guda ɗaya tak, wato tsoron Allah da ke zuciyar mai kaya. Wanda ya ce zamani ya sassauta masa hukunci ya juya magana. Zamani nauyi ya ƙara masa.

MALAMAI SUN RIGA SUN YI MAGANA

Kada wani ya zaci sayar da abin da ido bai gani ba sabuwar mas'ala ce. Imamu Malik (Allah Ya yi masa rahama) ya ware babi a cikin Muwaɗɗa game da ciniki a kan barnamaji, wato takardar da fatake ke rubuta abin da ke cikin dila: yawan tufafin da irinsu da siffarsu. Ya halatta a sayi dila ba tare da an kwance ta ba, kuma idan kayan suka dace da abin da aka siffanta, cinikin ya lizimci mai saye. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan tun kaka da kakanni, ita ma ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffa sananniya, har ta sanya iyaka ga sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a ga kayan da ke nesa.

To, hoton da ka ɗora da bayanin da ka rubuta a ƙarƙashinsa su ne barnamajinka. A kansu aka ƙulla cinikin. Idan suka yi gaskiya kuɗinka halal ne, idan suka yi ƙarya ka sayar wa ɗan'uwanka biri a sama. Daga wannan tushe ne kurakuran da za mu lissafa suka tsiro.

KUSKURE NA FARKO: HOTON DA BA NA KAYANKA BA

Mai kaya ya ɗauko hoto daga shafin wani kamfani na Dubai ko na Sin ya ɗora a matsayin nasa. Wani ya wanke hoton da manhaja har atamfa mai arha ta yi sheƙin mai tsada. Wani ya kira jabun shadda da sunan Getzner. Wata ta yanke turmi ya gaza yadi 6 ta yi shiru. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ya ji danshi a ciki, ya zargi mai shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Gyaran hoto da ke ɓoye aibi shi ne wannan tsibin abinci, babu bambanci. Ɗauki hoton kayanka na ainihi da hasken rana, faɗi inda aka yi shi, faɗi awonsa, in akwai tabo nuna tabon. Wanda ya saya bayan ya ga aibi ba zai dawo maka da rigima ba, sau da yawa ma da wani mai saye zai dawo.

NA BIYU: SAYAR DA ABIN DA BA KA MALLAKA BA

Yaro ya je Kantin Kwari a Kano, ya ɗauki hotunan kayan mutane, ya dawo Katsina ya rubuta cewa akwai su a ƙasa. Sai an turo kuɗi sannan ya fara neman mota. In ya je ya tarar sun ƙare ko farashi ya tashi, sai ya sayo mai kama da su, ko ya shiga wasan ɓuya. Sahabi Hakimu ɗan Hizamu (R.A.) ya yi wa Annabi (S.A.W.) tambaya a kan irin wannan, aka hana shi sayar da abin da ba ya wurinsa. Shari'a ba ta rufe wa maras jari ƙofa ba. Kana iya fitowa fili ka ce kai dillali ne ko wakili, ka faɗi la'adarka. Kana iya yin cinikin salam, inda ake biya tun farko a kan siffa sananniya da awo sananne da lokaci sananne. Abin da ba ka da iko a kai shi ne ka ce kaya suna hannunka alhali suna rumfar wani.

A nan ne kuma ya kamata a daddale maganar direba tun kafin a tura kuɗi: wa zai biya kuɗin mota, kuma wa zai ɗauki asara idan saƙo ya ɓata a hanya? A mashhurin mazhabar Malikiyya, lamunin irin waɗannan kaya yana wuyan mai sayarwa har su shiga hannun mai saye, sai fa idan an sharɗanta akasin haka. Masu cewa da zarar sun miƙa wa direba sun fita, su sake karatu.

NA UKU: NAJASHIN ZAMANI

Buhari da Muslim sun ruwaito hani game da najashi, wato mutum ya riƙa ƙara wa kaya kuɗi a gaban mai saye alhali ba saye zai yi ba, don dai ya ruɗe shi. Dubi yadda aka sake wa wannan laifi riga. Ana sayen mabiya na bogi don a ce shafi ya cika. Ana sa ƙanne da abokai su rubuta yabo kamar su masu saye ne. Ana ƙirƙiro hirar ƙarya da shaidar biyan kuɗi ta ƙarya a ɗora. Ana rubuta cewa saura guda 3 alhali sito cike yake. Ana biyan wani sananne a TikTok ya rantse da sabulun da bai taɓa wanka da shi ba. Mai biyan da wanda aka biya duk sun yi tarayya a zunubin. Ko a dokar ƙasa, hukumar ARCON da aka kafa da dokar 2022 tana da hurumin tantance tallace-tallace, har da waɗanda ake yi a shafukan sada zumunta. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, musamman a gari irin namu inda kowa ya san gidan kowa.

NA HUƊU: ƁOYE FARASHI

Ka ɗora kaya, an tambaye ka nawa, ka ce a biyo ka ta ciki. Me ake ɓoyewa? Mun san dalilin da yawansu: su leƙa hoton mai tambaya su auna aljihunsa, su yanka wa wanda bai san kasuwa ba farashin da ba za su iya faɗa a fili ba. Tayi da ragi halal ne, amma cin gajiyar jahilcin wanda ya amince maka zalunci ne. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta bayyana farashin abin da aka baje don sayarwa, ta kuma hana bayanin da ke yaudarar mai saye. Ko ta fuskar kasuwa ma wauta ce, domin mutane da yawa da sun ga babu farashi sai su wuce gaba.

NA BIYAR: MAYAR DA ADDINI ALLON TALLA

Wannan shi ya fi shafarmu, kuma shi ya fi muni. Rantsuwa ta zama gishirin talla. An ruwaito a Buhari da Muslim cewa rantsuwa tana tafiyar da haja amma tana shafe albarka. Wani ya liƙa hoton malami a jikin kayansa ba da izini ba, yanzu ma har ana amfani da ƙirƙirarriyar basira a kwaikwayi muryar mutum a sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Wani ya zuba gari a roba ya kira shi maganin Musulunci, ya ce yana warkar da ciwon suga da hawan jini da ciwon hanta da rashin haihuwa duk a lokaci guda. Mai ciwon suga ya ji ambaton Allah ya ajiye maganin asibiti, sai a wayi gari an yanke masa ƙafa. Wa zai amsa wannan a gaban Allah? Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar magunguna da abinci da kayan shafe-shafe, kuma tallar magani sai da amincewarta. Wanda ba shi da lambarta ta gaskiya, kuma ba shi da ilmin abin da yake ɗura wa mutane, ya ji tsoron Allah ya nemi wata sana'a.

A wannan babi ne muke sanya masu tallar kayan mata da maganin maza da kalaman batsa waɗanda ɗa ba zai iya saurara a gaban mahaifinsa ba, da masu tallar man bilicin da ke lalata fata, da masu jawo ido da surar 'ya'yan mutane. Kirarin da ake yi wa Katsinawa da kunya ya fara. Ina amfanin cinikin da sai an tuɓe kunya ake samunsa?

NA SHIDA: TOZARTA MAI SAYE

Mace ta sayi kaya a asirce, gobe ta ga hirarta da sunanta da lambarta a shafin mai kaya a matsayin shaida. Mutum ya ci bashi ya makara, sai a watsa hotonsa a zaurukan WhatsApp. Ana tsoma mutane cikin zauren talla ba a nemi izininsu ba, ana damunsu da saƙonni har tsakar dare. Lambar da aka ba ka don ciniki amana ce, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane.

Haka nan toshe mai ƙorafi, ko zaginsa a bainar jama'a, ko fakewa da cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Mai sayen da ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙin mayarwa, kuma rubutun da ka yi a shafinka ba ya goge haƙƙin da Shari'a ta ba shi. Kai, ko wanda ya yi nadama ba tare da aibi ba, Abu Dawuda ya ruwaito falala mai girma ga wanda ya karɓi kayansa ya mayar masa da kuɗinsa. Mutum ɗaya da ka wulaƙanta yana iya ɗaukar hoton hirarku ya kai ta inda tallarka ba ta taɓa zuwa ba.

NA BAKWAI: BA DA SHAFINKA ARO GA 'YAN DAMFARA

Wani kayansa na gaskiya ne, amma don ɗan abin da za a ba shi sai ya tallata wa mabiyansa wani tsarin zuba jari mai alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Ba mu manta da MMM ba, wadda ta rufe asusun mutane a Disamban 2016, ba mu kuma manta da CBEX ba, wadda ta ruguje a Afrilun 2025 da dukiyar jama'a. Da bakin wa irin waɗannan ke shiga gidaje? Da bakin amintattu, waɗanda ake cewa ai wane ba zai cuce mu ba. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri har na shekara 10 ga masu gudanar da irin wannan tsari. Wanda ya nuna hanya zuwa ga ɓarna kuwa yana da kamashonsa na zunubi, ko da bai ci ko kwabo ba.

NA TAKWAS: GINA SHAGO A FILIN WANI

Wannan kuskure na sakaci ne, amma haƙƙin mutane yana salwanta ta dalilinsa. Ɗan kasuwa ya mayar da waya ita ce shagonsa da littafin bashinsa da rasidinsa. Shekarar 2021 kaɗai ta isa wa'azi. A watan Maris gobara ta cinye shaguna masu yawa a babbar kasuwar Katsina. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A watan Satumba aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-ma da Jibiya. Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa 6. Wanda duk lissafinsa ke cikin shafin da ba nasa ba, ranar da aka rufe ko aka sace wayar, ta yaya zai san wanda ya biya da wanda ke binsa? Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ka tanadi littafi, ka ajiye kwafinsa a wani wuri daban, ka yi wa kasuwancinka rajista, ka raba asusun ciniki da na cefane, kada kuma ka saki kaya don an nuna maka hoton biya sai ka ga kuɗi sun shiga.

KIRA

Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Da wannan ma'auni za a bi shafukanmu yau, mutum nawa za su tsira? Don haka muna kira ga malamanmu da su buɗe babin ciniki a majalisan karatu da makarantun Islamiyya na matan aure, domin da yawa daga masu wannan sana'a 'yan'uwanmu mata ne da ke neman halal daga cikin ɗakunansu, kuma sun cancanci a koya musu. Muna kira ga kwamitocin masallatai da su saurari irin waɗannan ƙararraki su yi sulhu, kada a rufa wa azzalumi asiri don yana namu. Muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa, daga babbar kasuwa har 'Yar Kutungu, da Hukumar Hisba ta jiha, da su san cewa kasuwar da ke cikin waya ita ma kasuwa ce mai bukatar mai tsawatarwa. Masu saye kuma su daina gaggawa: a tambayi inda shago yake, a nemi wanda ya san mai kaya, a ajiye shaidar ciniki.

Kai kuma ɗan'uwa da ka toshe lambar saurayin nan, da duk mai irin halinka, ƙofar tuba a buɗe take, amma tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar musu da abinsu. Buɗe lambar, kira shi, mayar masa da kuɗinsa tun kana da abin biya, kafin ranar da ba a biya da naira sai da lada.

Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, Ya sanya albarka a kasuwanninmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.